BABI NA UKU: TARKEN WASIƘUN MENDELSSOHN A KAN IBADAR MAKO MAI TSARKI A BIRNIN RUM, 1831

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi tarken wasiƙu biyu da Felix Mendelssohn, shahararren mai tsara kiɗa na ƙasar Jamus, ya rubuta daga birnin Rum a shekarar 1831, inda ya bayyana abin da ya gani da abin da ya ji a ibadar ɗarikar Katolika ta Mako Mai Tsarki. Shi wannan marubuci ba ɗan Katolika ba ne, mabiyin ɗarikar Furotesta ne. Saboda haka tambayar da babin zai yi ƙoƙarin amsawa ita ce: shin wanda ba ya cikin wata ɗarika zai iya yi wa ibadarta adalci idan ya zo auna ta? Idan zai iya, ina ne iyakar ganinsa? Domin cim ma wannan manufa, za a kawo taƙaitaccen tarihin marubucin da muhallin wasiƙun, sannan a dubi jigo da warwararsa da salo, daga nan a auna hukuncin da ya yanke da kuma tasirin da rubutun ya yi bayan rasuwarsa.

3.1 Taƙaitaccen Tarihin Marubucin

An haifi Mendelssohn a birnin Hambug ranar 3 ga Fabrairu, 1809, ya kuma rasu a Leipzig ranar 4 ga Nuwamba, 1847. Jika ne ga Moses Mendelssohn, mashahurin malamin falsafa na Yahudawan Jamus. An yi masa baftisma a ɗarikar Furotesta a 1816, yana da shekara 7. Ya tashi a Balin, ya yi karatun tsara kiɗa a hannun Carl Friedrich Zelter, wanda ya raine shi a kan ayyukan Johann Sebastian Bach. A ranar 11 ga Maris, 1829, yana ɗan shekara 20, ya jagoranci rera babban aikin Bach a kan wahalar Almasihu bisa ruwayar Linjilar Matiyu, aikin da aka daɗe da jinginewa. A 1830 kuma ya kammala wani kiɗa don tunawa da cikar shekara 300 da gabatar da aƙidar mabiya Luther a Augsburg.

An kawo waɗannan bayanai ne saboda su ne suka gina kunnen da ya tafi da shi Rum. Ya saba da ibadar da jama'a ke rera waƙa da harshensu na Jamusanci, ya kuma saba da tsarin Bach inda kiɗa ke bin ma'anar kowace kalma sau da ƙafa. Wannan shi ne mudun da ya riƙe a hannu lokacin da ya shiga ɗakin ibadar Fafaroma.

3.2 Wasiƙun da Muhallinsu

Mendelssohn ya isa Rum ranar 1 ga Nuwamba, 1830. A ƙarshen watan Fafaroma Pius na 8 ya rasu, aka zaɓi Gregory na 16 ranar 2 ga Fabrairu, 1831. A zamansa na birnin ya ƙulla abota da wani limamin coci mai suna Fortunato Santini, wanda ya tara ɗimbin tsofaffin rubuce-rubucen waƙoƙin ibada, ya kuma buɗe masa taskarsa. Haka kuma ya san Giuseppe Baini, shugaban mawaƙan Fafaroma, wanda ya wallafa tarihin Palestrina a 1828. Wato dai kafin Mako Mai Tsarki ya kama, marubucin ya yi wata 5 yana shirya kansa.

Ibadar da ya halarta an yi ta ne a ɗakin ibada na Sistin, wanda Fafaroma Sixtus na 4 ya gina, aka keɓe shi a 1483, wanda kuma Michelangelo ya zana rufinsa tsakanin 1508 da 1512. A wancan zamani ba a amfani da kayan kiɗa ko ɗaya a wannan ɗaki, muryoyi kawai ake ji. A shekarar 1831 makon ya fara ne ran Lahadi 27 ga Maris, ya ƙare da bikin Ista ranar 3 ga Afrilu. Wasiƙa ta farko ya rubuta ta ga iyalinsa ranar 4 ga Afrilu, abin na da ɗumi a zuciyarsa. Ta biyu kuwa ya aika wa malaminsa Zelter ranar 16 ga Yuni, bayan ya natsu ya yi tunani. Ƙanensa Paul ne ya buga su cikin tarin wasiƙun tafiyarsa a 1861, aka fassara su zuwa Ingilishi a 1862.

Muhimmin ɓangaren da wasiƙun suka fi tsayawa a kai shi ne ibadar da ake kira Tenebrae, wato duhu da harshen Latin. A wancan zamani ana yin ta da yammacin Laraba da Alhamis da Jumma'a. Ana kunna kyandir 15 a kan wani maɗori mai kusurwa uku, a riƙa kashe ɗaya bayan kowace zabura har a kashe 14, na ƙarshen kuma a ɓoye shi a bayan bagadi. Cikin wannan duhu ne ake rera Miserere, wato Zabura ta 51, wadda ke ɗauke da tuban Dawuda da roƙon gafara.

3.3 Jigo

Jigon wasiƙun biyu shi ne yabo da suka a kan ibadar wata ɗarika daga bakin baƙo. Ƙwayar jigon tana cikin wasiƙa ta farko, inda marubucin ya nuna cewa mutane sun sha yabon wannan ibada, wasu kuma sun sha kushe ta, amma duk sun manta da babban abu, wato cewa ibadar dunƙulalliya ce, ba a yanka ta gunduwa-gunduwa a auna. A ganinsa waƙar da wurin da haske da duhu da shiru da durƙuson jama'a duk abu ɗaya ne. Wannan ra'ayi shi ne mafi daraja a cikin rubutun baki ɗaya, kuma da shi ne za a auna marubucin kansa a nan gaba.

3.4 Warwarar Jigo

3.4.1 Abubuwan da Ya Yaba

Abu na farko da ya yaba shi ne yadda Miserere ke farawa. Ya bayyana cewa bayan an daɗe ana rera zabura da ƙarfi, an kashe kyandirori, sai Fafaroma ya sauko daga kujerarsa ya durƙusa a gaban bagadi, kowa ya durƙusa, a yi Addu'ar Ubangiji a zuci. Ɗakin ya yi tsit. Daga cikin wannan shiru ne muryoyi ke tasowa a hankali, ƙasa-ƙasa, sannan su buɗe. Marubucin ya nuna cewa wannan shi ne wuri mafi ratsa jiki a makon duka. Abin lura shi ne bai jingina ƙarfin wurin ga gwanintar wanda ya tsara waƙar kaɗai ba. Ya gane cewa doguwar rerawa mai ƙarfi da ta gabata, da duhun, da shirun, su ne suka share wa sautin farko fage.

Abu na biyu shi ne waƙar Improperia ta Palestrina, wanda ya rasu a 1594. Ana rera ta ne ran Jumma'a lokacin da Fafaroma ke tuɓe takalmansa ya je ya girmama gicciye. Marubucin ya sa ta cikin mafi kyawun ayyukan Palestrina, ya kuma yaba yadda mawaƙan suka rera ta da taushi, ba tare da wata murya ta danne wata ba. Haka kuma ya ji daɗin rerawar Littafin Makoki da jerin gwanon ranar Lahadin ganyen dabino, inda ake rufe ƙofa, rukunin mawaƙa ɗaya na ciki ɗaya na waje suna amsa wa juna.

Yabon nasa bai tsaya a fatar baki ba. A kan hanyarsa ta zuwa Rum ne ya tsara waƙar Ave Maria, kuma muryoyin mata masu zaman zuhudu da ya ji a cocin Trinità dei Monti su ne suka sa ya tsara wasu waƙoƙin ibada na Latin don muryoyin mata. A 1846, shekara ɗaya kafin rasuwarsa, ya tsara Lauda Sion don wani bikin Katolika a Liège ta ƙasar Beljiyam. Duk da haka bai sauya ɗarika ba, hasali ma a wannan zama na Rum ya tsara kiɗa a kan waƙoƙin Luther.

3.4.2 Abubuwan da Ya Kushe

Sukarsa ta farko ta faɗa ne a kan yadda ake rera zabura. Mawaƙan kan rabu gida biyu, kowane gida ya ɗauki rabonsa na ayoyi, a zuba kalmomin da sauri a kan sauti ɗaya, sai a ƙarshe a ɗan karya murya. Marubucin ya ce abin ya gajiyar da shi, ya kuma kamanta shi da mutanen da ke cacar baki. Ya ƙara da cewa ransa na ɓaci idan ya ji kalmomi masu tsarki a kan rerawa marar armashi. Da aka ce masa ai wannan tsohuwar rerawar Girigori ce, sai ya nuna cewa tsufa ba hujja ba ce, domin idan mutanen da ba su iya tsara abin da ya fi haka ba, na yanzu sun iya.

Suka ta biyu ta shafi labarin wahalar Almasihu bisa Linjilar Yohanna, wanda ake rerawa ran Jumma'a, inda maganganun taron jama'a ke zuwa da tsarin Victoria, ɗan ƙasar Sifen da ya rasu a 1611. A wurin da taron ke neman a gicciye Almasihu, marubucin ya ga cewa muryoyin sun fito da sanyi da ladabi, babu alamar fushi. A ganinsa ko dai a karanta labarin a natse, ko kuwa a fito da shi yadda mai sauraro zai ji kamar yana wurin.

Suka ta uku ita ce shakkar da ya nuna game da adon murya da mawaƙan ke yi wa Miserere. Su suna cewa gado ne da suka karɓa baki da baki tun zamanin da. Shi kuwa ya nuna cewa da wuya irin wannan abu ya daɗe yana yawo a baki bai sauya ba, ya fi zaton wani gwanin shugaban mawaƙa ne ya tsara shi don wasu kyawawan muryoyi da yake da su. A ƙarshe ya yi ba'a ga ƙarar da ake yi da ƙafafu a ƙarshen ibadar. Ɗan littafin da ke hannunsa ya ce alama ce ta hayaniyar kama Almasihu, amma shi ya ce ta yi masa kama da ta 'yan kallo a gidan wasa idan an makara da farawa.

3.5 Salo

Salon wasiƙun miƙaƙƙe ne, kuma ya bambanta gwargwadon wanda aka rubuta wa. Wasiƙar iyali ta fi ba da hoto cikin bayani: cunkoson jama'a, tufafin manyan limamai, hasken da ke raguwa. Wasiƙar Zelter kuwa ta ɗalibi ce zuwa ga malaminsa, cike take da misalai da ya rubuta da alamomin kiɗa domin malamin ya gani da idonsa. Wannan dabara ta ba rubutun ƙarfi, domin maimakon ya ce abu ya yi daɗi ko bai yi ba, sai ya ajiye hujjar a kan takarda.

Haka kuma ya yi amfani da kamance, sai dai idan aka lura za a ga cewa kamancen sukarsa daga rayuwar duniya ya ɗebo su, kamar cacar baki da gidan wasa. Wannan zaɓi yana tona wani abu game da matsayinsa. A waɗannan wurare ya koma ɗan kallo. A wurin da yake yabo kuwa harshensa kan sauka, jimlolin su natsu, ba'a ta ɓace.

3.6 Auna Hukuncin Marubucin

Idan aka zo auna hukuncinsa, dole a fara da yaba masa a kan abubuwa uku. Na farko, ya shirya kafin ya je, ya nemi littafin da ke bayyana ma'anar kowane mataki, ya kuma bi kalmomin da ake rerawa. Na biyu, bai bari bambancin ɗarika ya hana shi faɗin alherin da ya gani ba, a zamanin da ba a rasa matafiya daga ƙasashen Furotesta masu zuwa Rum da hukuncinsu a aljihu ba. Na uku, bai bari sunan wurin ya rufe masa kunne ba. Labari ya bazu a Turai cewa Miserere ta Gregorio Allegri, wanda ya rasu a 1652, sirri ce ta fadar Fafaroma, kuma Mozart ya rubuta ta da ka a 1770 yana ɗan shekara 14. Duk da wannan kwarjini, Mendelssohn ya faɗi abin da kunnensa ya ji, har ya lura cewa ran Laraba tsarin Baini aka rera, ran Alhamis kuma aka cuɗa na Allegri da na Tommaso Bai.

Amma akwai rauni a sukarsa ta zabura, kuma raunin ya ci karo da ƙwayar jigonsa. Shi ne ya ce ibadar dunƙulalliya ce, shi ne kuma ya ciro zabura ita kaɗai ya auna ta da mudun Bach. Rerawar zabura a kan sauti ɗaya karatu ne, an tsara ta ne don masu ibada su iya sauke zabura 150 a kowane mako ba tare da murya ta gaji ko waƙa ta janye hankali daga kalma ba. Wanda ya nemi karatu ya yi masa aikin waƙa, ya nemi abin da ba a yi shi dominsa ba. Bugu da ƙari, shi da kansa ya shaida cewa farkon Miserere ya sami ƙarfinsa ne daga abin da ya gabace shi. Ashe ke nan abin da ya gajiyar da shi, shi ne ya gina abin da ya ratsa shi.

Haka lamarin yake game da tsarin Victoria. Sanyin muryoyin taron jama'a da gangan ne, domin a wannan tsari mawaƙa masu isar da nassi ne a cikin ibada, ba a ɗora musu kwaikwayon masu fushi ba. Bach ya zaɓi ya fito da fushin, Victoria ya zaɓi ya rufe shi, kowa da manufarsa. Marubucin ya ɗauki zaɓi ɗaya a matsayin ƙa'ida. A nan ne maganar Hausawa ta baƙo raɓa, ɗan gari kaba ta yi aiki a kansa, domin mako ɗaya ya yi a cikin abin da masu shi ke yi shekara da shekaru.

Sai dai kuma tarihi ya ba shi gaskiya ta wani ɓangare. Rerawar Girigori da ake yi a Rum a zamaninsa ta riga ta yi nisa da asalinta, domin littattafan da aka buga a 1614 da 1615 sun datse karin waƙoƙin da yawa. Masu zaman zuhudu na Solesmes a Faransa, gidan da aka sake buɗewa a 1833, su ne suka koma ga tsofaffin rubuce-rubuce suka gyara ta, kuma a 1903 Fafaroma Pius na 10 ya ba da umurnin gyaran waƙoƙin ibada. Wato kunnensa ya ji cewa akwai abin da ya lalace, amma ya ɗora laifin a kan tsufan rerawar, alhali lalacewar daga baya ta shigo.

3.7 Tasirin Wasiƙun

Babban tasirin wasiƙar Zelter ya zo ta hanyar da marubucin bai taɓa zato ba. A cikinta ya rubuta wani yanki na adon muryar Miserere a daidai tsayin sautin da ya ji mawaƙan suna yi, wanda ya ɗara na rubuce da mataki 4. A 1880 W. S. Rockstro, wanda ya taɓa zama ɗalibinsa, ya rubuta bayani a kan Miserere a ƙamus ɗin kiɗa na Grove, sai ya liƙa wannan yanki a tsakiyar ayar da ke kan sautin ƙasa ba tare da ya sauko da shi ba. Daga wannan kuskure ne aka sami tsallen muryar nan zuwa can ƙololuwa wanda ya sa waƙar ta yi suna a duniya. Ivor Atkins ya buga wannan siga da kalmomin Ingilishi a 1951, kuma a 1963 mawaƙan Kwalejin King's ta Kambirij, waɗanda ke bin ɗarikar Angilika, suka ɗauke ta a faifai a ƙarƙashin David Willcocks.

Abin da wannan ke nunawa shi ne sigar da akasarin mutane suka sani da sunan Allegri ba ita ce ya rubuta ba, ba kuma ita ce Mendelssohn ya ji ba. Ta ratso ta hannun masu sha'awa daga wajen ɗarikar, tun daga Charles Burney, Baturen Ingila da ya buga ta a 1771. Sun adana ta, sun kuma sauya ta. Ita kuwa ibadar da ta haife ta ta sauya kama: al'adar rera Miserere a gaban Fafaroma a Sistin ta yanke bayan 1870, an sake tsarin Mako Mai Tsarki a 1955, kuma babban taron Batikan na biyu ya buɗe ƙofar yin ibada da harsunan jama'a a 1963, abin da ya sa Katolikan ƙasar Hausa ke yin tasu da Hausa. Saboda haka wasiƙun sun zama shaida a kan wani abu da ba za a sake gani a yadda yake ba.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa Mendelssohn ya shiga ibadar Katolika da kunnen da Bach da ɗarikar Furotesta suka gina, ya yaba farkon Miserere da Improperia, ya kuma kushe rerawar zabura da tsarin Victoria. An nuna cewa shaidarsa abin dogaro ce a duk inda ya faɗi abin da ya ji, amma hukuncinsa ya raunana a inda ya manta da ƙa'idar da shi da kansa ya kafa, ya auna karatun ibada da mudun waƙa. Amsar tambayar da aka buɗe babin da ita ke nan: baƙo na iya yin adalci, har ma ya hango abin da sabo ya ɓoye wa masu gida, muddin ya tambayi manufar kowane abu kafin ya yanke masa hukunci. A babi na gaba za a dubi waƙoƙin Latin da marubucin ya tsara, domin a ga yadda abin da ya ji a Rum ya bayyana a cikin aikinsa.